Kafaɗar Saje Buba

Ku da kuke cewa ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, danna waya ne kawai, ku matso ku zauna, bencin ba ya cizo. Ni ne Ilu Mai Hoto. Na haura shekara arba'in ina leƙen fuskokin mutanen Haɗeja ta cikin ɗan gilashi, kuma ban taɓa ganin wanda ya shigo shagon nan yana son a fito da shi yadda yake ba. Kowa so yake a fito da shi yadda yake jin kansa a rai. Mai gajeren wuya yana son a ƙara masa, mai tumbi yana son a rage, mai giɓi yana son a manta da maganar haƙori gaba ɗaya. Na san za ku ce wayarku ma tana gyara fuska. Tana yi, amma fuska ɗaya take raba wa kowa, har uwa ta kasa gane 'yarta.

Hoton farko da aka bar ni na ɗauka ni kaɗai, na wani mai kifi banda ne daga ƙauyukan bakin kogi. Lokacin ina yaron shago a wurin maigidana Baba Lasisi, wani Bayerabe da ya daɗe a garin nan har ya fi mu iya zagi da Hausa. Shekarun farko ban taɓa kyamara ba sai dai in goge mata jiki. Shara, ɗebo ruwa, wanke farantan ɗakin duhu, riƙe wa jarirai kai, aikina ke nan. Ran nan maigida ya tafi ɗaurin aure, sai ga mai kifi da sabuwar hula, fuskarsa duk zanzana. Na zaunar da shi dab da ƙofa, rana tana bugunsa ta gefe, na ɗauka ina jin kaina wani babba. Da hoton ya fito, babu ramin zanzana ko ɗaya da ya ɓuya, har waɗanda shi kansa bai san da su ba. Mutumin ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Yaro, me na yi maka?" Ya ajiye min abina ya tafi.

Da maigida ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba. Kunnena ya kama ya ja ni har bakin ƙofa.

"Ka ga hasken nan da ke shigowa ta gefe? Ba ya rufa wa kowa asiri. In kana son ka ci abinci a garin nan, sa haske ya zo wa mutum ta gaba, a hankali. Mutum bai biya ka don ka nuna masa abin da ya sani ba."

Kunnen ya daina zafi a ranar, maganar kuwa har yau tana nan.

Kayan aikinmu na lokacin in kun gani sai ku yi dariya. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da baƙin mayafi da mutum zai lulluɓa da shi a tsakiyar bazarar Haɗeja, gumi yana shiga masa ido yana lissafin haske a ka. Daga baya aka sami kyamarar rataya mai fim. Ɗakin duhu kuwa wani lungu ne a bayan shago, da jar fitila, da faranti uku na ruwan wanki, da igiyar shanya. In ruwan ya yi ɗumi da yawa hoto ya ƙone, don haka a randa muke jiƙa kwalaben su yi sanyi. Sannan ga fensir mai tsinin allura da ake bin fim da shi, a cike ramin fuska, a share ƙurji, a rage wa tsohuwa shekara goma ba tare da ta zama wata ba. A kan fensirin nan ake gane mai hoto daga mai danna maɓalli.

Akwai kuma kayan aro. Muna da agogon hannu da bai taɓa tafiya ba, da tabarau marar gilashi, da tarho marar waya, da rediyon da ɓera ya cinye cikinsa. Agogon nan ya fito a hannun rabin samarin garin nan, kullum ƙarfe huɗu saura kwata. A bango akwai labule mai zanen jirgin sama. Mutanen da ko Kano ba su taɓa zuwa ba sun tsaya a gabansa da hannu a ƙugu, an aika da hoton wa 'yan'uwa a ƙauye. Babu wanda aka yaudara. Kowa ya san jirgin Baba Lasisi ne, amma kowa yana son nasa.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta babbar ambaliya. Lokacin maigida ya daɗe da komawa garinsu, shagon ya zama nawa. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya haɗu da ruwan sama, na zo da safe na tarar ruwa a shago har gwiwa. Kyamara na ceto, amma akwatin ƙarfen da nake tara fim a ciki ya sha ruwa. Fuskokin mutane na shekara da shekaru suka manne da juna suka zama danƙo. Akwai matar da ta zo neman in sake wanke mata hoton mijinta da ya rasu, don nata ya tafi da ruwa. Na buɗe mata akwatin ta gani da idonta, ta ce Allah ya mayar mana da alheri, ta fita. Wannan ya fi asarar kayan ci min rai. Ban gama farfaɗowa ba sai ga wayoyinku sun shigo gari, masu biki suka daina kirana. Na sayar da akuyoyin matata biyu da izininta, na sayi kyamara mai kati da 'yar firinta, na koma cin abinci da hoton fasfo. Jarrabawa, aikin hajji, katin banki, takardar taki, duk fasfo ake nema, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro shi.

To, aikin da nake son in ba ku labari, wanda ya sa na san ban gama koyon sana'ar nan ba, shi ne na Saje Buba.

Saje Buba Bafulatanin cikin gari ne, dogo, ɗan tsohon gida. Ni kuma uwata Babarbariya ce, don haka wasa ne tsakaninmu. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce kakana ne ya saya wa kakansa wandon farko. Ya yi soja, an taɓa kai su wata ƙasa can bakin teku aikin kwantar da tarzoma, bayan ya dawo bai jima ba ya karɓi sallama. Ya kama noma a fadama, shinkafa da damina, alkama da rani, yana da ɗan injin ban-ruwansa. Kusan shekara talatin, duk Sallah sai ya zo ɗaukar hoto.

Tun zuwansa na farko na lura kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, wuyansa kuma ba ya juyawa ta wannan ɓangaren. Ban tambaya ba. A sana'armu ba a tambaya, gyarawa ake yi. Sai in naɗe masa hannun babbar riga in tara shi a kan kafaɗar hagu ya yi tudu, in ɗan karkata shi, in sa haske ta gaba. Shi kuma da ya ga kyamara sai ya ƙame, ƙirji waje, haɓa sama.

"Saje, ba fareti ba ne, hoton Sallah ne. Saki jikinka."

"Yi aikinka, bawana. Soja ba ya sakin jiki gaban bindiga, balle gaban gilashi."

Mutanen fadama sun san shi da abu ɗaya: ba ya tuɓe riga. Ko ana yankan shinkafa cikin ruwa, ko ana cire ciyawar kacala daga magudana, kowa ya yar da riga a kan kunya, shi yana nan da tasa tana ɗiga. Wasu suka ce ustazanci ne, wasu suka ce fulako ne, aka bar shi a haka.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar shago. Saje ya fito, bayansa 'yarsa ta fari, Asma'u, wadda take aikin jinya a Kaugama. Da yake 'yar fari ce ba ya faɗar sunanta, "'yar Kaugama" yake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zauna a bakin benci da jakar takardu a cinya. Shi kuwa ya tsaya yana karanta labulen jirgi kamar ranar ya fara ganin sa.

"Baba Ilu, wurinka muka zo," in ji ta. "Hannun Baffa na hagu mutuwa yake yi. Igiyar inji ba ya iya ja, fartanya faɗuwa take daga hannunsa. Da ƙyar na sa aka yi masa hoton ƙashi. Akwai guntun ƙarfe a ƙarƙashin allon kafaɗarsa tun na wajen yaƙi, yana danne jijiya. Sai an yi aiki."

"Subhanallahi. Saje, duk shekarun nan?"

"Surutun 'yan asibiti ne," in ji shi, bai juyo ba.

Ta ci gaba da yi min bayani. Irin wannan aiki in a kan kansu ne, sai an sayar da fadama, kuma fadamar ita ce abincin gidan. Amma asibitin soja yana yi wa waɗanda suka nakasa a bakin aiki, har da ɗan alawus a kan fansho. Matsalar ita ce sunan Saje ba ya cikinsu, don bai taɓa kai kansa ba. Ta yi ta zirga-zirga a ofishin tsofaffin sojoji, aka ce mata ko yanzu ana iya nema. Ta haɗa takardar sallama, da hoton ƙashi, da shaidar abokan aikinsa biyu da ta bi har garuruwansu. Saura hoto: ɗaya na tsaye da zai nuna yadda ciwon ya bar shi, ɗaya na wurin raunin. Kwamitin likitoci zai zauna bayan girbi, in an wuce shi kuma sai Allah ya kai mu wani zaman.

Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Saje ya juyo ya ce mata, "Je ki gaida gwaggonki a kasuwa, ki dawo."

Tana fita ya tsaya a gaban labule ya ƙame. Ni kuma, wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi ba. Na naɗe rigar na tara a kafaɗa, na karkata shi, na gyara masa hula, na sa haske ta gaba. Da na ce saura wurin rauni, sai ya ja wuyan riga ƙasa kaɗan ya nuna min wani ɗan tabo a gaban kafaɗa, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na ɗauka. Hotunan suka fito tas, muka zauna muna yaba su, ni ina yabon aikina, shi yana yabon kansa.

Asma'u ta dawo ta karɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Baba Ilu, wannan hoton neman magani ne ko na neman aure?"

"Me ya same shi, 'yata?"

"Babu abin da ya same shi, ai shi ne matsalar. In ni ce likita na ga wannan, cewa zan yi a mayar da shi bakin aiki gobe." Ta dubi na biyun. "Wannan kuma, Baffa, tabon ƙahon saniya ne. Kakarmu Hajja ta ba mu labari tun muna yara, kana ɗan shekara bakwai."

Na so in yi dariya, na ga idonta ya kawo ruwa, na haɗiye.

"Baffa, na bar aikina na bi ofis-ofis, an wulaƙanta ni na shanye. Hannunka ne. In ba ka son sa, ka faɗa min in huta."

Ta ajiye hotunan a kan tebur, ta yi min sallama cikin ladabi, ta fita. Ya bi bayanta. Na zauna ina kallon aikina, karon farko da hoto ya yi kyau na ji kunyarsa.

Aka kwana biyu, bayan azahar, sai ga shi shi kaɗai. Bai ce min bawana ba, nan na san akwai magana.

"Ilu, rufe ƙofa."

Na rufe.

"Hoton nan in ka ɗauka, wa yake gani bayan kai? Na ga yaran yanzu, a ɗauki mutum da safe, kafin azahar yana wayar kowa."

Na nuna masa firinta. Na ce a nan zan fitar, a gabansa, kuma a gabansa zan goge daga kati. Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"A baya yake," ya ce.

"Na'am?"

"Raunin. A gadon baya yake."

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane ba, amma ni nan take na gane. Mu Haɗejawa da abu ɗaya muke tinƙaho, ba a san mu da gudu ba. Kowane tsohon gida yana da labarin kakan da ya tsaya a ƙofar gari lokacin zuwan Turawa, aka same shi da rauni a ƙirji. Kakan Saje yana cikinsu, da labarin aka yaye shi. A ce jikan wannan mutum ya tafi yaƙi ya dawo da rauni a baya, ai ko ba a faɗa a gabansa ba za a faɗa a majalisa.

"Ban gudu ba, Ilu."

"Ban ce ka gudu ba."

"Shayi nake dafawa. Da safe ne, babu ko harbi. Iska tana ta kashe min ashana, sai na juya mata baya na duƙa a kan risho. Abin da na sani ke nan. Na farka a tanti an ɗaure ni kamar buhu. Wai igwa aka harbo daga nesa. To ka gaya min, wa zai yarda da wannan a garin nan? A ce Saje Buba shayi ya juya dafawa?"

Ya ce ranar karɓar sallama magatakarda ya tambaye shi ko yana da rauni. A bayansa cikin layi akwai wani ɗan garinmu, ɗan unguwarsu ma. Sai ya ce lafiyarsa ƙalau, ya sa hannu ya fito. A gida matarsa kaɗai ta taɓa ganin sa, ita ma ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Na ce, "Saje, tuɓe rigar."

Da hannu ɗaya ya tuɓe, ban taimaka masa ba don na san ba zai so ba. Na ga raunuka a sana'ar nan, na ɗauki hoton masu haɗarin mota don kotu, amma wannan daban ne. Daga ƙasan wuya zuwa tsakiyar baya naman ya lotsa, fatar ta tattare ta yi sheƙi, ga sawun ɗinkin gaggawa a karkace. Allon kafaɗar ya zame ƙasa. Da wannan mutumin nan yake noma fadama, yake ɗaukar buhu.

Yanzu ga inda sana'a ta shigo, ku saurara. Likita yana son ya ga rauni, kuma yana son ya tabbata bayan mai takardar ne, ba na wani aka aro ba. Rauni yana baya, fuska tana gaba, wuyan kuma ba ya juyawa. Me za ku danna a wayarku? Na garzaya gida na ciro madubin matata daga jikin bango, na jingina shi a kan kujera, na tsayar da Saje a gabansa. Ni ina bayansa, na ɗan koma gefe don kada in fito. Baya yana gabana, fuska tana cikin madubi.

Na gwada da filasha, raunin ya baje ya zama kamar inuwa. Haske ta gaba ke nan, aikinsa rufa asiri. Na kashe. Na kashe fitilun shago duka, na je na buɗe 'yar tagar gefe da na liƙe da kwali tun shekarar da na gaji shagon. Rana ta shigo a kwance ta bi ta kan bayansa. Kowane lotsi, kowane ɗinki ya tashi. Na ce a raina, Baba Lasisi ka yafe ni, yau tonon asiri aka zo saya.

Saura hoton tsaye, nan muka sha fama. Da na ɗaga kyamara sai ya ƙame, ya tattaro ƙarfinsa ya ɗago kafaɗar, har jijiyar wuyansa tana rawa. Na ce ya saki, ya ce ya saki. Na zage shi da Barbarci, ya rama da Fillanci, kafaɗar tana nan a sama. Ba taurin kai ba ne, jikin ne ya saba, kamar yadda hannuna ya saba. Sai na sauke kyamarar zuwa daidai cikina, na ce, "Shi ke nan, an gama. Miƙo min hular nan, da hagu, in ga wani abu." Ya saki numfashi, kafaɗar ta faɗi inda take zama, ya ɗauki hular da yatsu biyu, ya fara ɗagawa. Hannun ya zo daidai ƙirji ya tsaya, yana karkarwa. Na danna daga inda kyamarar take.

"Ka cuce ni, Babarbare."

"Na cuce ka. Zo ka gani."

Firinta ta turo su. Na miƙa masa na bayan. Sai a lokacin na tuna, mutum ba ya ganin bayansa. Shekara talatin yana ɗauke da abin, yana ɓoye shi, bai taɓa sa shi a ido ba. Ya matsa kusa da taga. Ya shafa hoton da babban yatsa, a hankali, kamar zai ji zafi.

"Ashe haka yake."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ilu, tsakaninka da Allah. Ya yi kama da bayan wanda ya gudu?"

"Ni mai hoto ne, ba alƙali ba. Ya yi kama da bayan wanda ya ji ciwo."

Na goge daga kati yana kallo, na sa hotunan a ambulan na liƙe. Ya sa a aljihun gaba ya fita. Ban san ko zai ba 'yarsa ba ko a kogi zai jefa. Sai da mako ya zagayo Asma'u ta biyo ta shago, ta ajiye min ƙwaryar fura da nono ta ce, "Baba Ilu, Allah ya saka." Na san ya bayar.

Kada ku ɗauka daga nan abu ya tafi sumul. An je Dutse an dawo, an ce a koma. An ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. An ce a kawo fasfo takwas, na yi, aka ce farin bango ake so ba ja ba, na sake. An yi girbi, an shuka alkama, kafin a kira su Kaduna gaban kwamiti. Daga can aka kwantar da shi aka yi aikin. Na daɗe ban gan shi ba, sai saƙon gaisuwa.

Alkama ta isa yanka lokacin da ya dawo shagon nan. A kan bencin da kuke zaune ya zauna. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe, tun daga ƙofa yake dariya.

"Ilu, bari in ba ka labari. Wani babban zaure aka tara mu, tsofaffi fal, wasu da sanda, wasu a keke. Wani ɗan yaro likita ya fito ya ce kowa ya tuɓe riga. Na ce yau asirina ya tonu. Na tsaya ina jan lokaci da maɓalli. Da na ɗaga kai, wallahi Ilu, kusan rabinmu a baya ne! Wani a ƙeya, wani a ƙugu, wani a sharaɓa. Wanda ke gabana Manjo ne guda, nasa a ɗuwawu yake. Shi da kansa ya sauke wando yana nuna wa likita, yana ba mu labari wai bayan gida ya zagaya."

"Kai, Saje!"

"Na rantse. Na gaya musu nawa na shayi ne, wani ya ce shi nasa wanki yake yi. Babu wanda ya tambayi wani ina ya fuskanta. Mun yi dariya har aka zo aka tsawata mana."

Muka yi ta dariya mu ma, har tari ya sarƙe ni. Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo yana tambayar lafiya, Saje ya nuna shi ya ce, "Kai, ka riƙa kula da bayanka," muka sake fashewa, shi bai san dalili ba.

Da muka lafa na ce, "To, yaya jikin?"

"Alhamdu lillahi. An cire ƙarfen. Zafin da nake kwana da shi ya tafi, barci nake kamar jariri. Sun sa sunana, alawus ya fara shigowa. Fadama tana nan, ba a sayar ba."

"Hannun fa?"

Ya dube shi. Sai a lokacin na lura tun da ya shigo hannun bai motsa ba. Ya sa na dama ya ɗauko shi ya ɗora a gwiwa.

"Wannan ya tafi. Likitan ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Ya ce da na zo ko da shekara biyar baya, da an cece shi. Ya tambaye ni me ya hana ni zuwa." Ya ɗan yi murmushi. "Ga Manjo a gadon kusa da ni yana kwance rub da ciki yana waƙa. Na duba, na duba, ban sami abin da zan ce wa yaron nan ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Aka kira la'asar. Ya tashi ya ɗauki butar shago da hannun dama, ya tsuguna a bakin ƙofa, ga mutane suna wucewa zuwa masallaci. Ya karkata butar, sai ya tsaya, don hannun da zai tari ruwan yana rataye a gefensa. Na tsuguna kusa da shi na karɓa.

"Zuba a hankali," ya ce.

Na zuba.